MAI BIDIYO YA ISO: TARIHIN KYAMARAR KASET A GIDAJENMU DA ABIN DA MUKE SHIRIN RASAWA

 

Kwanakin baya muna kwashe kayan wata tsohuwar adaka a gidanmu da ke Ƙofar Guga, sai muka ci karo da kaset ɗin bidiyo guda bakwai an ɗaure su da tsumma. A jikin ɗaya an rubuta da biro: "Bikin Yaya, kada a goge." Mun yi kusan mako biyu muna cigiyar bidiyon da za ta kunna shi, har muka samu wata a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin. Da hoto ya fito, sai ga tsakar gidanmu tun ana daɓen ƙasa, ga kakarmu, Allah ya jiƙanta, zaune a kan tabarma tana yi wa amarya nasiha. Ƙannenmu da ba su riske ta ba ranar suka fara jin muryarta. Ba ta kai ƙarshen maganarta ba hoton ya yi tsalle, sai ga wasan ƙwallo. Wani daga cikin yayyenmu ya ɗora wasa a kan bikin shekaru da dama da suka wuce, kuma har yau babu wanda ya amsa laifin.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace a wannan mako mu waiwayi tarihin kyamarar bidiyo ta kaset: yadda ta zo, yadda ake ɗauka da ita, da dalilin da ya sa abin da ta ɗauka yake neman ɓacewa muna ji muna gani.

LOKACIN DA KYAMARA TAKE HANNUN HUKUMA

Hoto mai motsi ya daɗe a ƙasar Hausa, amma an jima talaka bai da iko da shi. A zamanin Turawa, majigi ake kawowa a mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga da gyaɗa ko yadda ake tsabtace rijiya. Hukumar shirya finafinai ta mulkin mallaka, wadda Ingila ta kafa a 1939, ita ce ke tsara irin waɗannan. Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim na sinima, aikin da sai da kuɗi masu yawa da ma'aikata masu horo.

A duk waɗannan, wanda ke riƙe da kyamara ma'aikacin hukuma ne, kuma abin da hukuma ta ga dama shi ake ɗauka: sarki, gwamna, buɗe asibiti, wasan kwaikwayon Samanja. Mutumin unguwa iyakarsa ya je wurin mai hoto ya tsaya ƙiƙam a gaban labule mai zanen furanni. Muna da hotunan kakanninmu a tsaye, amma ba mu san yadda suke tafiya ko dariya ba.

YADDA NA'URAR TA ISO

Daga Japan sauyin ya taso. Kamfanin Sony ya fitar da Betamax a 1975, JVC kuma ya fitar da VHS a 1976, kuma VHS ce ta yi nasara a kasuwa, ita ce muka sani a gidajenmu. Da farko kyamara daban take, akwatin da ke naɗar hoton daban, mai ɗauka ya rataya shi a kafaɗa da waya a tsakaninsu. A 1983 Sony ya haɗe su wuri guda a na'urar da ya kira Betamovie. A 1984 JVC ya fito da mai cin ƙaramin kaset, a 1985 kuma Handycam ta Sony ta bayyana. Amma wadda ta zauna daram a bukukuwanmu ita ce babbar Panasonic ta kafaɗa, mai cin cikakken kaset, domin da an gama ɗauka sai a zare shi a zura a bidiyon falo a kalla nan take.

Kayan suna shigowa ta kasuwannin Legas da Kano, wasu kuma alhazai ke sayowa a Jidda su haɗo da tsarabarsu. Wannan ya zo daidai da wani babban sauyi a garinmu. A ranar 23 ga Satumba, 1987 aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, birnin ya zama hedikwata, ma'aikata suka dawo gida, taruka da bukukuwa suka ƙaru. Cikin 'yan shekaru sabuwar sana'a ta samu gindin zama. A lissafin biki, bayan goro da alawa da kuɗin makaɗa, sai aka ƙara layi guda: kuɗin mai bidiyo.

YADDA AKE ƊAUKA

A nan muke so mu ɗan daɗe, domin yadda na'urar take aiki shi ya yanke abin da ya rage mana a yau da abin da ya salwanta.

Na farko shi ne jan maɓallin nan da ke ƙarƙashin babban yatsa. A danna sau ɗaya zare ya fara tafiya, a sake dannawa ya dakata. Mai ɗauka yana manne da ido ɗaya a ɗan mazubin leƙe, kuma a yawancin na'urorin farko hoton da yake gani a ciki baƙi da fari ne. Ba shi da damar da muke da ita yanzu ta ɗaukar abu sau goma a zaɓi ɗaya. Yawancin masu bidiyon biki a cikin kyamarar suke tace aikinsu, wato tun a wurin suke yanke shawarar abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Idan ya dakata lokacin da liman ke addu'ar ɗaurin aure don ya canza batir, wannan addu'ar ta tafi ke nan. Sau da yawa kuma akasin haka ke faruwa: ya manta bai dakatar ba, ya sauke kyamara, a samu minti biyar na takalman mutane da hirar da ba a yi niyyar ɗauka ba. Abin mamaki, irin wannan kuskuren yanzu ya fi komai daraja, saboda a nan ake jin mutane suna maganarsu ta yau da kullum, ba wadda suka shirya don kyamara ba.

Na biyu shi ne tsawon zare. Kaset ɗin da aka fi saye shi ne mai lamba E-180, wato minti 180, awa uku. Wasu na'urorin suna da zaɓi biyu, SP da LP. A SP zare yana gudu yadda aka tsara, hoto ya fito da kyau. A LP gudun yana raguwa da rabi, kaset ɗin awa uku ya ɗauki awa shida, amma hoto da sauti su ragu. Bikin Bahaushe kuwa ba na yini ɗaya ba ne: ga kamu, ga sa lalle, ga ɗaurin aure, ga yinin biki, ga kai amarya, ga buɗar kai. Mai gida da ke son a tattara duka a kaset ɗaya don sauƙin kuɗi ya sayi arha a ranar, jikokinsa ne ke biyan bashin yanzu, domin abin da aka naɗa a LP ya fi wuyar kunnawa a wata na'urar daban.

Na uku shi ne kwanan wata. Akwai madannin da ke buga rana da lokaci a gefen hoton, kuma da zarar ya hau ba ya fita. A lokacin wasu na ganin yana ɓata hoto. A yau duk mai binciken tarihi zai yi wa wanda ya bar shi a kunne addu'a, domin shi ne shaidar ranar da abu ya faru. Sai dai a yi hattara. Agogon yana da ɗan ƙaramin batirinsa, idan ya mutu ba a saita ba, sai ka ga bikin da aka yi da damina yana ɗauke da ranar 1 ga Janairu. Kafin a gaskata kwanan wata a duba ko yanayin gari da kayan jikin mutane sun yarda da shi.

Na huɗu shi ne jawo hoto da turawa, wato zum, da madanni mai harafin T da W. Masu bidiyonmu sun so wannan abu ƙwarai. A jawo fuskar amarya har sai ta sunkuyar da kai, a jawo hannun mai liƙi a ga ko naira nawa ya manna, a jawo jeren kwalla da samira a ɗakin amarya ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma madannin da ke sa hoto ya dusashe a hankali zuwa duhu, da shi ake raba yini da yini. Masu ƙarin kayan aiki suna rubuta sunan ango da amarya da haruffa masu launi a farkon kaset, su kuma ɗora waƙa a kan hoton. Wannan ɗora waƙar ta yi mana ɓarna ba kaɗan ba, domin a na'urori da yawa sabon sauti yana goge na asali ne. Sai ka ga bakin tsohuwa yana motsi tana guɗa ko tana addu'a, amma abin da kake ji waƙar Indiya ce.

Na biyar shi ne haske da wuta. Kyamarar ba ta gani sosai a duhu, don haka mai bidiyo yana tafe da yaronsa riƙe da fitila mai zafin gaske, da doguwar waya, wani lokaci da janareto saboda halin NEPA. Duk wanda ya zauna a ɗakin amarya aka haska masa fitilar nan ya san gumin da ake yi. Ƙurar hunturu tana toshe kan da ke karanta zaren, danshin damina kuma yana sa na'urar ta ƙi aiki sai ta bushe.

Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, shi ne ɗan harshen roba da ke bayan kowane kaset. Idan aka ɓalle shi, na'ura ba za ta yarda ta naɗi wani abu a kai ba. Kariyar ke nan gaba ɗaya. Amma kowane yaro a unguwa ya san cewa ɗan salatif a kan ramin yana mayar da kaset sabo. Da haka bikin yayarmu ya zama wasan ƙwallo, kuma mun tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. Shi kansa mai bidiyon, kaset jari ne a wurinsa. Idan ya miƙa wa masu biki kwafinsu, uwar kaset ɗin takan koma aiki a biki na gaba. Kwafi kuwa a wannan fasaha kullum yana ƙasa da uwarsa, kwafin kwafi ya fi lalacewa, shi ya sa wanda ya isa hannun dangi na Maraɗi ko Legas yakan zama dishi-dishi, launuka sun zube.

DAGA FILIN BIKI ZUWA KASUWAR FIM

Irin wannan kyamara ta biki ita ce ta haifi masana'antar da ake kira Kannywood. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, yin fim na sinima ya gagari kowa. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano, waɗanda suka saba jiran gidan talabijin ya ba su fili, suka lura cewa na'urar da ke ɗaukar ɗaurin aure za ta iya ɗaukar wasa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Shekara biyu ke nan kafin Living in Bondage na 1992, wanda ake cewa shi ya buɗe kasuwar finafinan Kudu.

Mu marubuta muna da hannu a wannan tarihi. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna zuwa fim, haka aka yi da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. A 1999 Ibrahim Sheme, ɗan Jihar Katsina, ya fara buga mujallar Fim, wadda ta zama babbar ma'ajiyar labarin masana'antar. Zuwa lokacin da Sangaya da Wasila suka fito, dillalan Ƙofar Wambai da Bata a Kano suna tura kaset zuwa Katsina, daga nan ya bi hanyar Jibiya ya tsallaka Maraɗi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan zamani ga mai son faɗaɗawa.

KYAMARA TA WUCE ZAURE

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattaunawa ba. A al'adarmu baƙo namiji iyakarsa zaure. Mai bidiyo ne baƙon farko da aka ɗaga wa labule ya shiga har tsakar gida a ranar da mata suka fi kowace rana ado. Wannan ya jawo muhawara a gidaje da majalisun malamai. Wasu magidanta sun hana gaba ɗaya, wasu suka ce a ɗauki na maza a ƙofar gida kawai, wasu suka nemi yaro ɗan gida ya riƙe kyamarar. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin kaset yana yawo, a ara a kai wani gida, wanda bai kamata ya gani ba ya gani. Irin wannan damuwa a kan abin da kyamara ke nunawa, musamman game da mata, tana cikin abin da ya kai ga kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001.

Amma sakamakon shi ne, kaset ɗin biki ya adana abin da gidan talabijin bai taɓa ɗauka ba: rayuwar mata a cikin gida. Waƙoƙin da ake yi wa amarya, kiɗan ƙwarya, yadda ake jere, irin ɗaurin kallabi da atamfar kowace shekara, wasan kaka da jika, Katsinancin tsofaffi da yanzu yake narkewa a bakinmu. Littattafan tarihin Katsina sun ba mu labarin Korau da Ummarun Dallaje da Sarki Dikko. Labarin iyayenmu mata yana cikin waɗannan kaset-kaset, in sun tsira.

ABIN DA KE CIKIN ADAKA

Ba mutane kaɗai zaren ya riƙe ba, har da garin kansa. Duk motar kai amarya da aka bi da kyamara ta ɗauki titunan Katsina yadda suke a ranar. A bayan ayarin za a ga ganuwa a wuraren da yanzu gidaje suka cinye, a ga Ƙofar Guga da hanyar Jibiya kafin shaguna su cika ta, a ga shataletalen Ƙofar Ƙaura kafin gadar ƙasa da aka buɗe a 2023. Waɗanda suka fita da kyamara ranar Sallah sun ɗauki hawan Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008, daga inda talaka ke tsayawa a Ƙofar Soro, ba daga rumfar manyan baƙi ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a ranar 18 ga Yuni, 1999, kuma shekarunsa na ƙarshe sun faɗo cikin zamanin wannan kyamara. Duk gidan da ya yi wasa a bikinsu aka ɗauka, suna riƙe da abin da wataƙila babu kwafinsa a ko'ina a duniya.

To amma zaren kaset ba dutse ba ne. Roba ce siririya da aka shafa wa garin maganaɗisu, kuma zafi da danshi suna cin ta. Fumfuna tana fitowa fari-fari a jikin naɗin, zaren ya manne da juna, hoto ya riƙa zubar da fararen layuka. Kaset ɗin da aka ɗauka a 1995 ya kai shekara talatin a ɗakin da ke zama kamar tanda a watan Afrilu. Na'urar kunnawa ita ma tana ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a watan Yulin 2016. Tun zuwan faifan sidi, sannan waya, masu gyara suka koma wata sana'ar, 'yan gwangwan kuma suka kwashe ragowar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Shawararmu ga 'yan wannan zaure ba mai tsada ba ce. A binciki adaka da saman sif da ɗakin ajiya a fito da abin da ke nan. A duba ta tagar kaset ɗin, in an ga farin fumfuna kada a zura shi a na'ura, domin zai iya tsinkewa ya kuma ɓata kan bidiyon, a kai wa wanda ya san yadda ake tsabtace shi. A ɓalle harshen nan na baya in yana nan, a cire salatif in an manna. A ajiye kaset a tsaye kamar littafi, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Sannan a nemi masu juyar da kaset zuwa kwamfuta, a ce su juye shi gaba ɗaya yadda yake, kada su yanke, kada su ɗora waƙa. A ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, kuma kada a jefar da kaset ɗin bayan an juye.

Abu mafi gaggawa shi ne a zauna da dattawan gida a kalla tare, da takarda da biro a hannu. Su ne za su ce wannan wance ce, wancan wane ne, wannan gidan a nan yake kafin a rushe shi. Hoton da babu mai iya faɗin sunayen mutanen cikinsa ya rasa rabin amfaninsa. A kuma kiyaye amana: abin da aka ɗauka a cikin gida na 'yan gida ne, kada a watsa fuskar matar wani a intanet ba da izininta ba. Abin da ya shafi gari kuwa, kamar hawan Sallah da wasan makaɗa da tituna, muna ganin ya dace ƙungiyoyin marubuta su tattauna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina a kan yadda za a tattara kwafinsa wuri guda.

Mu da muke ɗaukar komai da waya kada mu ɗauka mun tsira. Wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta tafi da bikin shekara biyar a cikinta, kuma mu ma muna goge tsohon bidiyo don mu samu wurin sabo, kamar yadda yayanmu ya yi da salatif.

Daga kaset bakwai ɗin da muka samu, huɗu sun yi magana, biyu fumfuna ta cinye, ɗaya kuma shi ne na wasan ƙwallo. Minti goma sha ɗaya na kakarmu da suka tsira yanzu suna wayar kowane jikanta. Ku duba naku tun na'urar dattijon nan tana aiki.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.